Muryar Kaka da Jajayen Ramuka Biyu

Zuwa ga 'yata, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan jikan nan nawa da har yanzu ban ja kunnensa ba. Allah ya ba ki juriyar aikin asibiti, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda kika taɓa. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar mamanku ta yi sauƙi, har tana iya bina da faɗa daga ɗaki zuwa ƙofar gida ba tare da ta tsaya hutawa ba. Yayanki yana nan yana fama da motarsa, rabin mako a kan hanya, rabin mako a ƙarƙashinta. Auta ma lafiyarta ƙalau, musamman bakinta, wanda bai taɓa yin ko mura ba. Ni kuwa ina shago kamar kullum, ni da keken ɗinkina muna tsufa tare, in ya yi ƙara in ba shi mai, in na yi ƙara a ce in yi haƙuri.

Na san Auta ta riga ni. Na ji ta buga miki waya ta ce Baba ya wanke muryar Kaka da man goge baki, kuma an ce kin shiga ɗakin canza kaya a wurin aiki kin yi kuka. To share hawayenki tun daga wannan layi: muryar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Na zaɓi in rubuto miki da hannuna ne saboda in ta waya ce, kafin in ce ɗaya kin jefo min tambaya goma, Auta tana gyara min zance daga gefe, mamanku tana gyara gyaran. A takarda kuwa ba mai katse ni. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makaranta rabuwar lafiya muka yi tun da wuri, ba ta neme ni ba, ban neme ta ba.

Faifan bidiyon da ake magana a kai kin san shi, wanda mai bidiyo ya ɗauka ranar da kika kammala makarantar aikin jinya, inda Kakarku, mahaifiyar mamanku, take zaune a kujerar falo tana sa wa kowa albarka ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba bayan nan Allah ya karɓi abarsa. Ba mu da muryarta a ko'ina a duniya sai a wannan faifai, mai bidiyon kuma ya daɗe da rufe shago ya bar gari, ba wanda ya san inda ya dosa. Mamanku tana ajiye shi a ƙasan akwati, naɗe cikin ɗankwalin Kakar. Ba kullum take sa shi ba, sai ranar da kewa ta taso mata. In kin ga ta gama aiki da wuri ta ja labule, to kin san yau da uwarta za a yi hira.

Tun da tsohon talabijin ɗinmu ya yi sallama, faifan bai fito ba. Sai ga sabon da kika aiko, Allah ya yi miki albarka, faffaɗa, siriri kamar katakon da nake yanka yadi a kai. Mamanku ta ce a kira Dogo mai gyara ya haɗa shi da na'urar dibidi mai kunna faifai. Nan fa girman kai ya motsa. Na ce wayoyi uku ne kacal, rawaya da fari da ja, ni kuwa tun kafin a haifi Dogo nake haɗa launin zare da launin yadi, in har sai an kira wani ya nuna min ja, to gara in sayar da almakashi. Abin da ban lissafa ba shi ne tsohon talabijin ramuka uku ne a bayansa, ba yadda za ka ɓata ko da gangan. Wannan kuwa bayansa kamar saƙar zuma, rami a kan rami, kowanne da ɗan rubutun turanci a ƙasansa ƙanana kamar sawun tururuwa. Turancina kuma kin san iyakarsa, awon kafaɗa da na ƙugu. Tabarauna yana shago. Na cusa kaina tsakanin bango da talabijin, Auta tana haska min da wayarta, na lalubi rawaya na soka, na lalubi fari na soka, na ga wani ja yana kallona na soka. Aka kunna, hoto ya fito tar. Na fito ina karkaɗe riga, na ce wa mamanku ta ajiye lambar Dogo sai ranar da aka sami aikin da ya kai.

Da na tsaya a nan da na mutu da mutuncina. Mamanku ta ce ba abin da za a fara kalla a talabijin ɗin da kika aiko sai Kaka, ta je ta buɗe akwati. Da na karɓi faifan na juya shi a haske sai na ga shatin yatsu da wani ɗan siririn ƙarce. Sai na tuna wani mai kawo min ɗinki ya taɓa ce min man goge baki yana mayar da faifai sabo. Mutumin nan ko wandonsa bai san awonsa ba, amma ranar nan maganarsa ta zo min kamar ta likita. Mamanku ta ce in bari. Auta ta ce in bari. Na ce su zuba ido su ga aikin manya. Na matsa man, na murza da ƙyallen yadi mai laushi, na ɗauraye, na goge, har faifan yana ƙamshi kamar bakin mai shirin zuwa zance. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Aka sa. Ga falonmu na da, ga kujerar, ga Kaka. Abu na farko da muka gani shi ne ta yi ƙiba. Matar da duk rayuwarta iska mai ƙarfi ke neman ɗauke ta, sai ga ta ta cika kujera, fuska kamar faranti. Har muka yi dariya, na ce lallai can inda take ana ciyar da ita. Kiɗan nan da mai bidiyo ya ɗora a kai ya fara, wanda kullum mamanku ke cewa ya yi yawa. Kaka ta gyara mayafi, ta ɗaga hannu, bakinta ya fara motsi. Shiru. Na ƙara sauti, kiɗa ya ƙaru. Na ƙure shi, har gilashin taga yana rawa, Kaka tana ta magana, ba kalma ɗaya da ta iso mu. Na ce ƙila talabijin ne bai saba ba. Muka cire muka sa faifan wa'azi, malam ya yi magana raɗau. Muka sa na wasan kwaikwayo, kowa bakinsa da murya. Muka mayar da na Kaka, kiɗa kawai. Ba sai an kira alƙali ba. Duk faifan da ban wanke ba yana magana, wanda na wanke ya zama bebe, kuma shaidu biyu sun gan ni da man a hannu.

Na so mamanku ta yi faɗa. Wallahi da ta ɗaga murya da na ji sauƙi, don faɗanta na san hanyarsa, na san inda yake hawa da inda yake sauka. Ba ta yi ba. Ta tashi ta cire faifan da hannunta, ta naɗe shi a ɗankwalin, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ba ta kalle ni ba, ta ce, “Yau ta sake rasuwa.” Ta shiga ta kulle akwati.

Kwanakin da suka biyo baya ba na yi wa maƙiyina fatansu. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka yana zuwa, in na yi sallama a amsa. Ba a rage min komai ba, kuma ba a ƙara min ko kalma ba. Na gwada barkwanci ya faɗi a tsakar falo kamar tsumma. A shago na ɗinka wa wani hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai. Wata rana da yamma na dawo gida da wuri na tarar ta ja labule. Ta sa faifan, ta kashe sautin gaba ɗaya don kada kiɗan ya dame ta, tana zaune a ƙasa dab da talabijin. Bakin Kaka yana motsi, ita tana faɗin kalmomin a hankali, daidai da motsin, ba ta riga ba, ba ta makara ba. Ashe duk ta haddace. Na tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo karɓar bashi ya tarar da gawa.

A nan ne kuma na ƙara wa wuta mai. Kin tuna yadda nake kwaikwayon muryar Kaka in ba ta nan, ku kuna birgima a ƙasa don dariya, mamanku tana cewa Allah ya shirye ni tana ɓoye tata dariyar a mayafi? Sai zuciyata ta ce min ga hanyar gyara. Na ce mata in tana so, ni sai in riƙa yin muryar a kan hoton. Ta juyo ta dube ni, sannan ta mayar da faifan zuwa farkonsa ta ce bismillah, in yi. Na gyara maƙogwaro. Na yi tarin nan nata na farko, ya fito daidai. Na yi yadda take kiran yayanki in ya ɓata mata rai. Daga nan kuma sai na ji kaina fayau. Duk shekarun nan abin dariyar kawai na kwashe, addu'ar ko layi ɗaya ban riƙe ba. Kaka tana ɗaga hannu tana roƙa mana Allah, ni ina tsaye baki buɗe. Mamanku ta kashe talabijin ta tafi kicin.

Washegari na haɗiye girman kaina, bai ma yi wuyar haɗiya ba don ya riga ya ƙanƙance, na tafi wurin Dogo. Kin san shagonsa, ɗan lungun nan da matattun talabijin suke jere har rufi, warin dalma ya cika ko'ina, fankarsa ba murfi tana neman kunnen duk wanda ya shigo. Na ba shi labari tun daga farko ban rage ba. Da na zo kan man goge baki sai da ya ajiye ƙarfen dalmarsa don kada ya ƙone kansa. Da ya gama dariya ya share ido, sai ya tambaye ni ko kiɗan yana fita sumul, ko hoton yana tsayawa ko yana farfashewa. Na ce komai sumul, murya ce kawai babu. Ya ce to in kwantar da hankalina rabi, domin man goge baki ba shi da kunne, bai san murya ba bai san kiɗa ba. In faifai ya lalace, hoto ne zai daskare, sauti duka ya riƙa shaƙuwa, ba zai zaɓi tsohuwa ya bar makaɗi ba. Ya ce in kawo faifan. Na ce ya fi sauƙi in kawo masa haƙorin kura tana raye. Ya ce shi kuma ba zai iya barin shago ba sai ranar hutu. Na ce kafin ranar hutu an yi jana'izata. Sai ya jawo wani mataccen talabijin mai irin bayan namu, ya juya min shi, ya ce in zauna, yau zan koma aji.

Bari in gaya miki abin da na koyo, ko da kin sani ki yi kamar ba ki sani ba, don ban taɓa samun ilimin da zan yi wa ɗiyata taƙama da shi ba sai yau. Bidiyo shi ne hoto, odiyo shi ne sauti, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba, kowa da wayarsa, sai a cikin talabijin suke haɗuwa kamar gaban riga da bayanta. Inda aka rubuta awut ƙofar fita ce, inda aka rubuta in ƙofar shiga ce, na'ura tana bayarwa, talabijin yana karɓa. Rawaya ita kaɗai take ɗauko hoto gaba ɗaya. Fari da ja kuwa duk na sauti ne, fari na kunnen hagu, ja na kunnen dama. In biyun suna aiki kowa da nasa, shi ake kira sitiriyo, in an haɗe su wuri ɗaya, mono. Na ce ashe ni duk rayuwata mono nake, abin da mamanku ta faɗa ta dama ta hagu yake fita. Ya ce wannan ba mono ba ne, lalacewa ce, kuma ba ya gyaran irinta.

Sai ya nuna min wasu ramuka uku a jere, kore da shuɗi da ja. Ya ce waɗannan sunansu kamfonen, su ba ruwansu da sauti, hoto ne ake raba musu kashi uku don ya fi kyau. Wato ja biyu ne a bayan talabijin, ɗaya na kunne, ɗaya na ido. Da ya faɗi haka sai na tuna jan ramin nan da ya kalle ni na soka. Ni da nake yi wa masu kawo ɗinki wa'azi cewa ja ba ɗaya ba ne, akwai na jini akwai na barkono. Ya nuna min wani rami mai faɗin baki, ec-di-em-ai, ya ce wannan waya ɗaya ce take ɗauke hoto da sauti duka, ba launi ba rikici, an yi ta ne saboda irina, sai dai tsohuwar na'urarmu ba ta da shi. Game da ƙibar Kaka kuma ya ce an ɗauki hoton ne a awon tsohon talabijin, huɗu da uku, sabon kuwa sha shida da tara ne, sai yake ja hoton ta gefe don ya cika. Wannan na gane shi nan take, rigar yaro ce aka tilasta wa ƙato.

Na ce to duk na ji, amma me ya sa malam mai wa'azi yake magana, Kaka ba ta yi? Ya ce faifan kamfani ana zuba murya a ɓangarori biyun ne, ko waya ɗaya ta isa ka ji. Amma wasu masu bidiyon unguwa, in suna sauri, sai su bar muryar da suka ɗauka a ɓangare ɗaya, su ɗora kiɗa a ɗayan. In kiɗan yana kan fari, murya tana kan ja, ni kuma na kai jan gidan da ba nasa ba, to abin da zan ji ke nan. Ya ce bai rantse ba tunda bai gani ba, amma in je in duba. Ban tsaya sallama ba. Sai da na kai bakin titi na tuna na bar hulata a kan mataccen talabijin.

Wannan karon da tabarau na shiga. Na janyo talabijin daga bango, na tsuguna. Ga rawayata a gidanta, ga farata a gidanta, kusa da ita ga wani jan rami wayam yana jira. Can sama kuma ga jar wayata ta yi zamanta a gefen kore da shuɗi, kamar baƙon da ya shiga gidan maƙwabta aka ji kunyar korarsa. Na zare ta na mayar da ita kusa da 'yar'uwarta. Amma gyara ba shaida ba ne, shaidar tana cikin akwati, mabuɗin kuma yana ƙugun mamanku. Na same ta a kicin na fara yi mata bayanin sitiriyo da kamfonen. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce man goge baki ma da bayani ya zo. Ta ce ita ta riga ta yi kukanta ta haƙura, ba za ta sake zama ta sa rai a sake kashe mata uwa ba. Na juya zan fita. Can ta ce za ta fito da shi bisa sharaɗi: Auta ce za ta sa, ni in zauna a kujerar can nesa in danne hannayena da cinyoyina, kuma in bai yi ba, kada in sake ambaton faifan nan har abada.

Haka aka yi. Na zauna a kan hannayena kamar ɗan makarantar da aka kama da satar gyaɗa. Kiɗa ya fara. Kaka ta gyara mayafi. Ni dai na rufe ido, don ba zan iya kallon bakin nan yana motsi a banza karo na biyu ba. Sai na ji tarin. Tarinta, ba nawa na jabu ba. Sannan muryar ta biyo baya, siririya, mai ɗan kaushi, tana yi wa Allah godiya da ya nuna mata wannan rana. 'Yata, na taɓa tsira daga hatsarin mota, na taɓa ɗinka kayan mutum na ɓata shi kuma ya zo ya ce ya fi son haka, amma ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na ranar nan ba. Auta ta fashe da kuka. Mamanku ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Ni kuwa gumi ne ya jiƙa ni har wando, hannayena sun mutu a ƙarƙashina, ban ma yi ƙoƙarin zaro su ba.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Da aka kusa ƙarshe sai na ce ina da roƙo ɗaya, a zare farar waya. Kallon da mamanku ta yi min da wuƙa ne da yanzu ana zaman makokina. Na ce ba ni zan taɓa ba, faifan ma ba za a taɓa shi ba, in murya tana kan ja, kiɗa yana kan fari, to in an zare farin kiɗan ne zai tafi. Auta ba ta jira izini ba, ta zagaya ta zare, ta mayar da faifan zuwa farkonsa. Sai falon nan na shekarun baya ya shigo cikin falonmu. Ba kiɗa. Muna jin numfashin Kaka tsakanin kalma da kalma, muna jin ƙarar cokali a kofi daga kicin, muna jin ki kina ce wa yayanki ya matsa yana tare ki. Kalmomin da mamanku take cikawa da zato duk suka fito fili, biyu ma ta ce ashe ba daidai ta riƙe su ba.

Kin tuna can ƙarshe, inda kiɗan yake tashi sama sosai, Kaka ta juya gefe ta faɗi wani abu tana murmushi, tana zaton mai bidiyo ya gama? Shekara da shekaru muna ganin wurin nan, kowa da abin da yake cewa ta faɗa. To mun ji shi. Cewa ta yi, “Ku gaya wa telan nan ina sane da shi. In zai yi muryata ya yi ta da kyau, ni ba ta hanci nake magana ba.”

Ni da nake zaton ko a mafarki ba ta sani ba. Matar da ban taɓa iya haɗa ido da ita ba, nake durƙusawa in gaishe ta kamar mutumin kirki, ashe duk lokacin tana kallon ƙeyata tana dariya a ciki. Da ramukan bayan talabijin suna ɗaukar mutum da na shige ɗaya, ko na ido ko na kunne. Auta ta faɗi ƙasa. Mamanku ta yi dariya har tana riƙe ciki, hawayen farko bai bushe ba na biyu ya hau kansa, ta sa aka mayar da wurin har sai da na roƙi arziki. A daren ne aka ce min sannu da aiki a karon farko tun ranar man goge baki.

Da safe ita da kanta ta ɗauki faifan ta kai wa Dogo, ta zauna a gabansa ba ta ƙifta ido ba har ya kwafe shi a wasu faya-fayan, ya kuma zuba shi a wayar Auta. Ta karɓo min hulata. Ɗaya daga cikin kwafin shi ne wannan da kika gani a cikin ambulan. In za ki sa, ki duba jar waya da kyau, ki tabbata maƙwabciyarta fara ce, ba kore da shuɗi ba. In kina son muryar zalla, akwai maɓallin odiyo a rimot, ki danna har ya koma dama kaɗai, ba sai kin zare komai ba. Ki kuma mayar da awon hoton huɗu da uku, don yaron nan ya san kakar uwarsa yadda Allah ya yi ta. In ya yi datti, ki bar shi da dattinsa.

Kada ki ɗauka na fita haka nan. Mamanku ta ce faifai yana ƙarcewa, waya tana faɗawa ruwa, wuta tana ɗaukewa, ta ga yadda murya take ɓata a yini ɗaya. Ta ce tunda kan da ya haddace sunayen ramuka a zama ɗaya bai mutu ba, kuma tunda mai muryar da kanta ta bar saƙo, to sai in haddace addu'ar nan daga farko har ƙarshe, in iya yin ta da muryar Kaka, ba ta hanci ba. Yanzu kullum in na dawo daga shago sai a sa faifai, a tsayar, in maimaita, a ce ban yi ba, a sake. Malamin da na gudu na bari ina yaro ashe yana nan yana jirana a cikin gidana, ya ɗaura zane.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da ɗawainiya. Ki shafa min kan jikana, ki ce masa kakansa ya zama injiniya. Ki gai da maƙwabciyar nan taki da take riƙe miki shi in kina aikin kwana, Allah ya saka mata. Mamanku tana gaishe ku, ta ce ki rage shan sanyi. Yayanki da matarsa suna gaisuwa, haka gwaggonki da kawunki na bayan kasuwa. Dogo ya ce a gaishe da mai talabijin. Auta ta ce in rubuta cewa ita ce ta zare farar waya, to ga shi na rubuta.

Haddar kuwa na wuce godiyar farko, na wuce addu'ar mamanku, na wuce ta yayanki, har an ce min ta Auta ba laifi. Taki ce ta tsaya min. Ba don tsawonta ba, kalmomin na riƙe su. Wurin da ta ce Allah ya kai ki duk inda rabonki yake, ya kuma dawo mana da ke muna raye, a nan muryarta take rawa, ni kuma duk lokacin da na zo wurin sai tawa ta ƙi wucewa. Mamanku ba ta ce in sake a wannan wurin, tashi take ta ba ni ruwa. Ina nan ina fama. Wannan bashin naki ne, kuma ba ya biyuwa ta waya ko ta takarda, sai kina zaune a falon nan. Ki sa ranar zuwa, ni kuma zan gyara maƙogwaro.

Ni ne mahaifinki,
Tela, mai ja biyu.